Mai Lema Yana Nan a Ɗaure, Habibu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Gabon, kai da aikinka. Tunda ka daina ɗaukar wayata amma ina ganin kana leƙen shafin nan, to a nan zan faɗa maka, kowa ma ya karanta.

Na'urar wasan da ka bari maƙale da talabijin ta hana ni sakat. Ka tuna inda ka tsaya? Fadar nan da waziri da ƙanen sarki ke ta ƙulla wa juna sharri, ƙarshe aka jibga laifin a kan bawan Allah mai riƙe wa sarki lema, wai shi ya buɗe wa maƙiya ƙofar gari. Mutumin da ko magana ba a ba shi ba a wasan, aikinsa tsayuwa a baya! Ana gab da yanke masa hukunci ka ajiye abin dannawa, ka haɗa jaka.

Babanmu da ke cewa wasan nan aikin marasa aikin yi ne, shi ne yanzu da ya sallame asuba zai ja kujera ya ce a kunna masa Mai Lema. Kokona yana hucewa, mai zemijan, wato ɗan acaɓan da ke kai ni kasuwar Agoè-Assiyéyé yana ta danna hon a ƙofa, ni ina tsaye kan shari'ar mutumin cikin wasa.

Ka san Faransancina na ciniki ne. Na ga an rubuta quitter, na ce yawwa, sakinsa ke nan, na danna. Allo ya yi baƙi. Na sake kunnawa, ga Mai Lema durƙushe da sarƙa a wuya kamar jiya. Kwana da kwanaki ina wannan haukan, sai da wata malamar makaranta mai sayen atamfa a wurina ta ji labarin, ta kusa faɗuwa don dariya. Ashe quitter fita ne, a tafi a bar mutum. Wanke shi daga zargi acquitter ne. Shi kuwa wannan a dushe yake, ba ya dannuwa sai an kawo shaida, kuma kai kaɗai ka san lungun fadar da take.

Haba Habibu! Da girmana, da 'ya'yana, ka mayar da ni lauya.

Kada ka yi kamar ba ka gane ba. Ranar da mai kawo mana goro daga Kumasi ya koma wurin wani Alhaji a Hanoukopé, aka ce wa Baba kai ka haɗa su. A ƙofar masallaci ya kira ka maci amana, ko tambayarka bai yi ba. Bayan tafiyarka mai goron ya faɗa da bakinsa cewa tun bara suka shirya, kai ko sunanka bai riƙe ba. Baba ya ji, ya shige ɗaki, ranar bai ci tuwo ba. Amma ka san shi, ko za a yanka shi ba zai ce yi haƙuri ba. Kai ma taurin kansa ka kwaso duka. Kun sa ni a tsakiya, wallahi na gaji.

Shekaranjiya ina shafa masa man zafi a gwiwa, don yanzu ko masallacin ba ta kai shi, idonsa na kan Mai Lema, sai na ji ya ce: yaron nan an zalunce shi, ba a ji ta bakinsa ba. Sannan ya ce: Zuwaira, ki ce wa mai abin ya zo ya sake shi, ni ban iya ba.

Ƙanena, haruffa biyu ne kacal tsakanin kalmomin nan. Kai ka danna na tafiya. Baba kullum ɗayan yake nema, shi ne ya ƙi dannuwa a hannunsa. Ina kewarka, duk da haushinka da nake ji.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya tsare ka a inda kake, ya sa ka dawo ka same shi a kan kujerar nan.

Yayarka da kuka gajiyar,
Zuwaira, Zongon Lome