Bencin Ƙofar Gidan Baba

Laraba da dare, unguwar Briqueterie

Na kasa barci. Gidan hutun da marigayi Baba ya bar mini a garin Kribi, daga nan Briqueterie nake ba da hayarsa ta waya. Baƙi suka yi ƙorafi wai kullum wani tsoho yana zama musu a kan bencin ƙofa. Malam Hamadu ne, abokin Baba, a kan bencin nan suka saba hira. Ni da bakina na sa maigadi ya ɗauke bencin.

Ɗazu ina kan keken ɗinki maigadin ya kira: "Hajiya, tsohon ya zo, ya daɗe a tsaye. Ya ce in tambaye ki, ko an sayar da gidan ne?"

Na ce a'a. Har yanzu ban san ko gaskiya na faɗa ba.