Jacinta Barci Take Yi

Zuwa ga Herminia, ruwan farkon daminata, furen da ya faɗo a kafaɗata tun ina saurayi ban kakkaɓe shi ba har na yi furfura, uwar 'ya'yana, idon da nake karatu da shi,

Ina zaune a dandalin Santo Domingo gaban Don Eleuterio mai rubuta wa jama'a wasiƙa, ina faɗa yana bugawa a tafireta, kuma na ja masa kunne kada ya gyara mini ko kalma ɗaya. Yau kwana tara da kika ɗaure kayanki kika tafi Orizaba wurin ƙanwarki. Kwana tara!

Kin tuna ranakun Lahadi bayan an taso daga coci, mu hau rufin gida mu zauna tsakanin igiyoyin shanya, sabuwar fitowar littafin zanen Ɗan Tsawa a cinyarki? Ni in kalli hoto, ke ki karanta mini abin da ke fita daga bakin mutanen ciki, da muryar nan taki mai sanyin inuwar mangwaro. Ban taɓa zama a aji ba, amma fitowa ɗari uku da goma sha biyu suna nan a kaina, ba wadda ta zube. In gardama ta sarƙe a unguwa kan wa Ɗan Tsawa ya kayar a wace gada, ina ake zuwa in ba teburin gyaran takalmana ba?

Da aka ce an yi fim ɗinsa kin hana ni zuwa. Kika ce, "Bar shi, tsoho, kujerun silima ciwon baya za su sa maka." Na ƙi ji, kamar kullum. Kuma da farko 'yan fim ɗin sun burge ni. Tandar burodin da yake aiki da rana, ga ta. Tabon girarsa ta hagu, ga shi. Yadda yake kama walƙiya kamar igiya ya haye sama da ita, haka suka yi. Sai ga Jacinta, masoyiyarsa, zazzaɓi ya kwantar da ita, ta rufe ido a hannunsa, suka sa ta a akwati suka binne! Binnewa fa, Herminia!

Na miƙe tsaye na ce, "Ƙarya ne! Barci take yi!" Wani daga baya ya ce, "Zauna, kaka, kai ka haife ta?" Aka yi ta jifana da gugguru har masu gadi suka raka ni ƙofa.

Ban zame ko'ina ba sai rumfar Cipriano mai tsofaffin mujallu. Na ce ya zaro fitowa ta tamanin da bakwai ya karanta wa duk wanda ke wurin, a ji yadda 'yan fim suka ci amana. Ya sa tabarau, ya duba, ya ɗago. "Nicanor, ka tabbata kana so?" Na ce, "Karanta, ko kai ma sun saye ka ne?" Ya karanta. Sannan ya ce a hankali, "Aboki, masu fim ba su taɓa komai ba. Matar nan ta rasu a littafin tun shekara arba'in da shida da suka wuce."

Ƙasa ta juya da ni. Ashe farar fuskar nan da ke bayyana cikin gajimare a fitowar da suka biyo baya, wadda kike ce mini tunanin Jacinta yake yi tana gida tana ɗumama masa miya, fuskar mamaciya ce! Saƙonnin da take aiko masa, faɗan da take yi masa in ya yaga riga, duk daga bakinki suka fito? Fitowa fiye da ɗari biyu, mako bayan mako, harshenki bai taɓa harɗewa ba? Wace irin mace na aura ban sani ba?

Na zo gida na faɗi abin da ya fi ƙarfin bakina. Na ce kin mai da ni wawa don ban iya karatu ba. Kin ajiye ludayi, kin kashe wuta.

Sai da gida ya yi shiru na tuna. Ni da nake alfahari ba na manta komai, wannan ne kaɗai ya kuɓuce mini! Fitowar nan ta tamanin da bakwai ba a rufin gida kika karanta ta ba. A gadon asibiti ne, kina ɗauke da cikin 'yarmu Remedios, ranar da likita ya ja ni gefe ya ce da wuya ku tashi ku biyu. Ni kuwa na shigo ina kuka na ce miki in kin tafi, ƙarƙashin jirgin ƙasa zan kwanta. Kika daɗe kina kallon hoton Jacinta a kwance, leɓenki a bushe, sannan kika ce, "Barci take yi, Nicanor. Gajiya ce kawai." Na koma gida da ƙafafuna saboda wannan maganar. Ke da mutuwa ke tsaye a kanki, ni kike lallashi!

Ya tauraruwar asubata, ya ƙanƙarar kan dutse da ba ta narkewa ko rana ta yi fushi, da wane baki zan nemi gafara? Gida ya zama rijiyar da ta ƙafe. Wa ya taɓa yi wa mai gyaran takalma irin wannan kyauta, ya rubuta masa littafi a iska shekara da shekaru, ya kuma ɓoye hannunsa?

Amma kada ki ɗauka na sauya hali. Jiya na koma na gaya wa Cipriano fim ya bi littafi sau da ƙafa, na yarda, sai dai su duka biyun sun yi kuskure. Ya ce, "Tsohon nan, kanka ya fi dunduniyar takalmi tauri." Na ce ya fi.

Ranar Lahadi zan hau motar safe zuwa Orizaba. In ba ki buɗe ba, zan zauna a bakin ƙofar ƙanwarki in fara daga fitowa ta ɗaya, da ƙarfi, yadda kika ba ni labarin, ba zan tashi ba sai na kai ƙarshe ko maƙwabta sun roƙe ki ki shigar da ni. Kin san zan iya.

Naki tun ina da baƙin gashi, naki har ranar da za a rufe ni, ga babban yatsana na dangwala a ƙasa,

Nicanor