Mutum Goma Sha Ɗaya da Na Sauke

Daren Laraba, Gusau

Barci ya ƙi zuwa, kuma Yaya Sani ne ya ja mini. Jiya da na je gaishe shi a Bungudu na tarar yana shirya darasin tarihi. Yake ba ni labarin wata dokar Turawan mulkin mallaka, wai jirgin ruwan da zai kwashi leburorin ƙasar Sin zuwa ƙetare ba ya tashi sai an auna wa kowa wurin kwanciya da ruwan sha, saboda yawan masu mutuwa a hanya. Na yi dariya, amma maganar ta bi ni har tasha.

Yau ina lodin 'yan ci-rani a bayan tirela, sai ga ni ina auna wuri da taku, ni da na tsufa a kamasho. Na sauke mutum goma sha ɗaya. Wani dattijo daga Magami ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, mu ba kwanciya muka zo yi ba, Ikko za mu. Ko a tsaye ne mun gode." Na ƙi.

Kafin la'asar na hango su a saman wata motar shanu, kan katako, ƙafafu na reto. Dattijon har ya ɗago mini hannu. Yanzu sun daɗe da wuce Tsafe.

Ɗazu na kira Yaya na ce, waɗanda aka hana shiga jirgin fa, ina suka nufa? Ya ce littafin bai faɗa ba.