Yanka Ni Anka Yi

Wurno, ranar Litinin

Zuwa ga yayata Mashkura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Halliru da yara da duk mutanen Kagara. Mu ma lafiya lau, cikina ya shiga wata na bakwai.

Yaya, raina a ɓace yake. Labari ya iske ni cewa Innarmu ta gaya wa mata a gidan suna wai wannan karon gida zan zo in haihu a ɗakinta, don in wanke mata abin kunya. Kunyar mi? Kina nan lokacin cikin Mujaheed. Ƙafafuna da fuskata sunka kumbura, Inna tac ce alamar namiji ce. Kaina kamar zai tsage, anka ce rana ce. Da jijjiga ta kada ni har nit taune harshena, hayaƙi anka turara mani wai iskoki ne. Da maigidana Iliyasu bai saka ni motar albasa zuwa Sakkwato ba, da yanzu addu'a kuke kai mani. Aikin da anka yi mani, wanda ya fid da ni da ɗana da rai, shi ne abin kunyar?

Likita ta ce wadda hawan jinin ciki ya taɓa kamawa yana iya dawo mata. Ta ba ni ƙwaya ƙarama ina sha kullum, ana auna jinina da fitsarina duk ranar awo. Ta ce in jinin ya kwanta, zan iya gwada haihuwa da kaina, amma sai a asibitin da ke da ɗakin tiyata, don tsohon ɗinki yana iya buɗewa. Ki faɗa mani, in ya buɗe a Kagara, da halin da hanya ke ciki, wa zai fito da ni?

Ki lallashe ta, tana jin maganarki. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Adawiyya

Wurno, ranar Alhamis

Yaya Mashkura,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso, kuma ban ji daɗinsa ba. Kin ce in yi haƙuri, uwa uwa ce. Na sani. Amma ba ke anka ɗauko da kumfa a baki ba.

Inna ta zo da kanta, tare da Kaka ungozoma da jarka cike da jiƙo. Ta ga ƙwayoyina a kan taga, tac ce su ke sa ɗa ya ƙi fitowa, ta zuba su a bayan gida. A tsakar gida, gaban maƙwabta, tac ce wa Iliyasu, "Su tara na haifa ban ko yi nishi ba, kai ka mai da ɗiyata raguwa." Shi kuma kunyar surukuta ta rufe masa baki, kansa a ƙasa. Shi ma na ji haushinsa. Sai da sunka tafi ya je ya karɓo mani wasu.

Abin da ya fi ci mani rai, Yaya, ni ma ina son in haihu da kaina. Ina so ƙwarai, na gaji da kallon da ake mani. Amma da watan haihuwa ya matso, jinin ya hau. Hannuna ya kumbura har zobe ya ƙi fita, ina ganin walƙiya a idona, ƙasan haƙarƙarina na ciwo. Likita ta zaunar da mu, ta bayyana mana komai, ta ce jiran naƙuda yanzu hatsari ne gare ni da abin da ke cikina. Ta tambaye ni, ba Iliyasu ba, nic ce a yi aikin. Gobe za su kwantar da ni a Sakkwato.

In Inna ta tambaya, ki ce ni na zaɓa. Ki sa ni cikin addu'a.

Taki,
Adawiyya

Wurno, ranar Lahadi

Yayata abin ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida Malam Halliru da jiki. Na san jinyarsa ce ta hana ki zuwa suna. Allah ya ba shi lafiya.

Yarinya ta ci suna Ruƙayyatu. 'Yar ƙarama ce amma tana kama nono da ƙarfi. Jinina yana sauka, ina kan magani.

Inna ta zo asibiti, ita ta riƙa wanke mani kaya, ban hana ta ladanta ba. Ashe da munka dawo gida, duk wadda ta shigo barka sai Inna ta ce mata lafiya lau na sauka da kaina. Ranar suna ɗaki cike da mata, wata gwaggon Iliyasu daga Rabah ta dafa ni tac ce, "Barka, yanzu kin shiga sahun mata."  Nic ce, "Gwaggo, yanka ni anka yi. Karo na biyu ke nan, kuma ni na ce a yi. Ga ni, ga ɗiyata."

 Inna ta tashi ta fita. Daga nan ba ta sake yi mani magana ba, ko kunu ta dama sai dai ta ajiye ta juya.

Jiya da za ta tafi, mai mashin na jira a ƙofa, ta tsaya bakin ɗakina tana gyara lulluɓi, ba ta dube ni ba. Tac ce, "Autarku Sa'adiya ma ƙafarta ta fara kumburi. An aiko mani tun shekaranjiya take kukan ciwon kai." Sai ta fita.

Yaya, cikin fari ne gare ta, kuma gidanta kusa da naki yake. Don Allah kar ki jira a yi shawara. Ki ɗauke ta yau ki kai ta a auna jininta. Wanda duk zai yi fushi, a ce ni na sa ki.

Ƙanwarki,
Adawiyya