Jan Ganyen da Lyall Ya Ƙi Sarewa

Mackay, Kwinsland

Zuwa ga yayana Clarrie,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rowena da yara, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar da sanyin Auckland ke tayar maka. Mu nan sai godiya. Guguwar da aka yi ta yaye kwanon rumfarmu, ta kwantar da ayaba, amma gwazar Inna ko gezau. Mijina Desmond yana nan yadda ka san shi, kullum gobe zai gyara rumfar. 'Yarmu Coral tana gida, an ba su hutu daga karatun lauya. Inna ce dai jiki ya ƙi. Ba ta iya cin komai sai ɗan romon kifi da kwakwa, likita kuma ya ja ni gefe ya ce wanda ke son ganinta kada ya jira Kirsimeti.

Maganar ɗana Lyall ce ta sa na zauna rubutun nan. Tun da aka ɗaure shi kan faɗan mashaya ban taɓa wanke shi ba, ya yi laifi, kuma na faɗa masa a gaban idonsa. Da suka ga ya natsu, sai aka mai da shi sansanin aiki nan kusa da mu, inda ake fita da fursunoni gyaran hanya da gonaki. Har an yi masa alkawarin wuni ɗaya ya zo ya ga kakarsa. Inna ta riƙe ranar nan hannu bibbiyu, duk wanda ya shigo sai ta gaya masa mijinta na nan tafe.

Bayan guguwar aka kai su share gonar raken wani Bature da bai daɗe da sayenta ba. A gefen rafi, ƙarƙashin tsofaffin mangwarori, sai ga layin jan ganyen nan, nangariya. Ka fi ni sanin abin da yake nufi. Kakanninmu da aka kwaso a jirgin ruwa daga tsibirin Tanna don saran rake, in sun mutu a gefen gona ake turbuɗe su, babu dutse babu suna, sai ɗan'uwa ya dasa wannan a kai. Ka tuna yadda Inna ke murɗe mana kunne in mun tsallake shi. Gandiroba ya miƙa wa Lyall adda ya ce ya kwantar da ciyawar. Lyall ya ce masa ranka ya daɗe ba ciyawa ba ce, mutane ne a ƙasa. Mutumin ya bushe da dariya, wai tun yaushe ɗan dambe ya zama malamin itatuwa, ya sare ko a rubuta ya ƙi aiki. Yaron ya ajiye addar ya zauna a ƙasa. Bai ma san kabarin wa ba ne, ya dai san namu ne.

Kafin mako ya zagayo an mayar da shi babban kurkuku can kudu, an soke zuwan nasa. Na je ofis, na yi magiya har na rasa murya. Wata mata mai fara'a ta ce ta fahimce ni ƙwarai, amma doka ce, fursuna ba ya zaɓen aiki.

Gida kuwa ya kama da wuta. Desmond ya ce wannan taurin kan gadonku ne, matattu ba su san ana yi ba, ga tsohuwa da ranta tana kallon ƙofa. Coral ta taso masa, wai Baba aikin da ba ka isa ka ce a'a ba, in ka ce a hukunta ka, gonar kuma ta wani ce, mene ne sunansa in ba bauta ba? Ta ce a Amurka tsarin mulki ya hana bauta amma ya ware fursuna, har yau suna ta ja-in-ja a kai, namu kuwa ko zancen bai ɗauko ba. Uban ya ce sannu lauyar tsakar gida, kada ta kuskura ta haɗa Lyall da mutanen da, kakanninmu sato su aka yi, ba haƙoran wani suka zubar ba. Ta ce to shi ya sa aka ba shi addarsu ya gada? Na daka musu tsawa duka biyun, don Inna na ji ta bango. Ni ban san sunan da ya dace ba, Yaya, kowannensu da gaskiyarsa. Abin da na sani, duk sanda na rufe ido sai in ga ɗana da adda a gonar rake, wani na tsaye a kansa.

Jiya na gaya wa Inna komai, don na gaji da cewa gobe. Ta tambaya ko an sare. Na ce a ranar aka sa wani ya bi ta kai da inji. Ta juya fuska bango, na ga kafaɗarta tana rawa. Can ta ce in gaya wa mijin nata ta yafe masa zuwan, ya tsaya wa na ƙarƙashin ganyen nan, sun fi ta buƙatarsa. Ban san kuka ya ƙwace mini ba sai da ta ce in fita in ba ta wuri.

Yaya, ka taho, kada ka tsaya jiran hutu. Desmond da Coral suna gaishe ka, haka Gwaggo Mavis da mutanen coci. Ka gaida Rowena, da Noel da Dulcie da jaririnta. Lyall ma ya ce a gaishe da Kawu. Ya kira ni da safen nan, na isar masa da saƙon kakarsa, sai ya ce Mama, wauta na yi ko? Ina neman abin da zan ce masa lokacinsa ya ƙare, aka katse wayar. Don Allah ka rubuta masa, ni na kasa.

Ƙanwarka,
Merle