Baƙar Ƙwallon da Yasir Ya Taɓa

Zuwa ga Hamza, Abu Yasir,

Assalamu alaikum, mutumina. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, babu mai kai saƙo inda kake. Ko da akwai ma, na san halinka, sai ka tsaya gyara min baƙaƙe kafin ka ji maganar. Rubutun nan da tsufa na koye shi, kuma a karkace zan bar shi.

Ka tafi ana cikin rushe unguwarmu Karantina a nan Jidda, to yanzu babu ita. Na je na tsaya inda nake zaton nan ne ƙofar gidanka, ban gane ba. Mutanenmu sun watse, kowa ya kama gabansa, kuma babu mai neman wani sai an yi rasuwa. Ni ina Balad, tsohon cikin gari, a wani ɗaki na sama, gwiwoyina suna zagina a kan kowace matakala. Matarka Hajiya Rabi tana nan lafiya wajen 'yarku. Ɗakin sunukan da na tsufa ina goge teburansa, inda muke buga ƙwallaye da sanda, ya zama shagon turare. Sababbin wuraren kuwa, na leƙa ɗaya na tarar ana jan dutsen guga a kan koren ƙyallen ta baya, ana tayar masa da gashi. Na yi magana, aka ce min halas ya Hajji, zauna ka huta. Ban sake komawa ba.

Amma ba don wannan na ɗauki biro ba. Maganar ɗanka ce.

An kawo babbar gasar sunuka garin nan, Hamza. Irin wadda muke kallo a talabijin kana cewa mutanen nan ba hannu gare su ba, ma'auni ne. Ba kowa ke shiga ba, gayyata ake yi, zakarun duniya kaɗai. Sai aka bar kujera biyu ga 'yan ƙasa. Ɗaya ta alfarma ce, masu shirya gasar su duba su ba wanda suka ga dama. Ɗayar kuma sai an yi ta karawa, wanda ya rage shi ne mai ita. Ta alfarmar ba a ba Yasir ba. Wanda aka ba ya iya wasa, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ka tambayi duk wanda ya san sanda a Jidda ya faɗa maka wa ya fi. Ni da na ƙare rayuwata a kan iƙama, takardar zaman baƙo, ko sunana ba a taɓa rubutawa a irin wannan ba, wa zai ji tawa?

Yasir ya nemi hutu a tashar jiragen ruwa, ya shiga karawar. Shekararsa talatin da huɗu, ga mata ga 'ya'ya biyu, kuma ya gaya wa kowa cewa daga wannan, in bai samu ba, ya ajiye wasa. Kwana huɗu yana kayar da mutane, har da samarin da aka tura waje suka koyo. Na zauna a layin gaba kullum. Ka san yadda yake zagaya tebur? Kamar kai. Ba ya gaggawa, yana goga alli sau biyu, ya ɗan karkatar da kai hagu. Sau ɗaya na kusa kiran sunanka a gaban jama'a.

Ranar ƙarshe bayan la'asar aka yi ta. Uku da uku, saura zagaye ɗaya. Yasir na gaba, ƙwallo uku suka rage a tebur, shuɗiya da mai ruwan hoda da baƙa. In ya jefa shuɗiyar da hodar, kujera ta zama tasa. Farar da ake bugawa da sanda ta tsaya nesa, dole ya kwanta a kan tebur ya miƙe. Alƙalin wasa yana ɗaya ɓangaren. Yasir ya kwanta, ya saita, sai kawai ya tashi tsaye ya ɗaga hannu. Ya gaya wa alƙalin cewa maɓallin hannun rigarsa ya taɓa baƙar.

Hamza, wallahi ba ta motsa ba. Ina nan kusa, idona kuma bai mutu ba tukuna. Alƙalin bai gani ba, abokin karawarsa bai gani ba, har ya tsaya yana kallonsa kamar bai fahimta ba. Aka ba wancan maki bakwai da tebur. Ya share ukun duka. Mutane suka miƙe suna tafi, kuma na lura ba wanda ya ci suke kallo ba. Ni ban tafa ba. Na zauna ina jin kamar in tashi in mare shi. Wa ya aike shi? Wa ya tambaye shi? Me zai ce wa matarsa?

Kai ne ka aike shi, na sani. Kuma a nan ne maganar ta dawo kaina.

Ka tuna shekarar da ma'aikatan tasha suka shirya gasarsu, aka ce ɗakinmu ya tura mutum ɗaya? Ni da kai muka rage. Ina sanye da tob, doguwar riga mai faɗin hannu, na miƙa in buga ja, sai ka ce hannun rigata ya shafi hodar. Na ce ƙarya kake. Na ɗaga murya, na ce don kai haifaffen nan ne mai takarda shi ya sa kake son danne baƙo. Ka dube ni, ka koma ka zauna. Na ci, na tafi gasar, aka fitar da ni a wasan farko kafin shayina ya huce. Azumi biyu ban yi maka magana ba. Bayan mun shirya kuma, duk lokacin da za ka buga sai ka naɗe hannun riga a hankali har gwiwar hannu, ni kuwa in cika in batse, ina cewa da ni kake. Shekara talatin ina riƙe da wannan.

Na taɓa ta, Hamza. Na ji ta a fatar hannuna ta cikin riga. Kujerar taka ce. Kuma maganar takarda da na yi maka, na san ba haka kake ba tun kafin in rufe baki.

Bayan kwana biyu Yasir ya hawo matakalata da sandarka a cikin akwatinta, wadda ka bar masa. Wai in ajiye, shi ya gama. Hausarsa tana karyewa in ransa ya ɓaci, rabi da Larabci yake yi. Na shirya masa faɗa tun daga ranar, amma da na buɗe baki sai labarin nan ya fito, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ya saurara har ƙarshe, sai ya yi dariya, irin taka mai fitowa ta hanci. Ya ce ai ya sani tun yana ɗan shekara goma. Wai kai ka gaya masa ranar da ka fara ba shi sanda, ka kuma ce in ya kuskura ya tayar min da maganar ba kai ba shi, don Baffansa Isa mutum ne mai zuciya, kuma babu wanda ya kai shi sanin tebur a garin nan.

Haka ka ce? Me ya hana ka faɗa min ina ji? Ka bar ni ina fushi da mutumin da yake yabona a bayan idona.

Na gaya wa Yasir ɗakina ba ma'ajiya ba ce. Na ce wanda ya iya tashi daga kan tebur a wannan lokacin ba shi da izinin ajiye sanda, kuma in ya bar ta nan zan kai wa mai turaren nan ya riƙa zaro kwalabe da ita daga saman kanta. Ya daɗe zaune yana shafa akwatin. Bai yi min alkawarin komai ba. Amma da zai sauka, da ita ya sauka.

An fara gasar jiya. Kujerarsa wani ne a kai, kuma har yanzu abin yana ci na, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai ka haifi ɗa, mutumina. Ka fi ni wasa, ka fi ni hali, ga shi na rubuta da hannuna. Ka yafe min. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka a inuwar da babu rushewa.

Sai na zo.

Naka, mai taurin kai,
Isa Mai Guga, Balad