Takardun da Gulbi Ya Wanke

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da addu'a, Allah shi haskaka makwancinki, shi sa kin huta. Na san wagga takarda ba za ta iske ki ba. Babu mai kai ta, kuma ko kina da rai sai dai in karanta miki ita da bakina. Amma akwai maganar da na riƙe shekara talatin, ni kuwa ban iya faɗin magana mai nauyi da baki ba. Da alƙalami kika saba mini.

Bari in fara da labarin gida. Yau wata huɗu da rasuwarki. Jikarki Saratu ta haihu a Rabah, mace, an sa mata sunanki. Babu mai iya kiran sunan a cikinmu, sai muke ce mata Ummi. Katangar bayan ɗakinki ta faɗi a ruwan ƙarshe, an tashe ta. An dasa albasa a fadama, ta kama sosai. Akuyarki mai baƙin kunne na kai wa Goggo Ige kamar yadda kika ce. Matan Alhamis ba su daina zuwa jin karatu ba. Suna zama inda sunka saba, ƙarƙashin rumfa, tabarmarki dai har yau babu wadda ta hau.

Babban labari shi ne na takardun Malama Tumba. Kin sha gaya mini yadda kakar taki ta zauna Kwargaba tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan, ta rubuta labarai bakwai da ajami, na mata da fatake da masunta, a zamanin da malamai ba su rubuta komai sai wa'azi da hukunci. To, ɗanki Umaru ya kai maganarsu gaba. Wani Bature mai yawon neman tsofaffin takardu ya sauka Rabah, ya shiga makarantar da Umaru ke koyarwa, shi kuwa ya ba shi labarin gafakar takardun da ke ɗakinki. Sun zo tare har Wurno. Ban gan shi ba, a zaure ya zauna, sai dai na ji Hausarsa ta bayan katanga. Yana so a juya labaran zuwa boko, a buga su, 'yan mata su karanta a makaranta, da sunan Malama a bangon littafin. Umaru murna kamar an ba shi sarauta. Ya ce gara da ruwa ba za su ƙara ba mu tsoro ba. Gaskiya ya faɗa. Ni kuwa sai na ce a ba ni kwana goma.

Ga dalilin kwana goman, Inna.

Kin tuna shekarar da anka yi bikin Kulu ɗiyar Kawu Sambo a Goronyo? Ina da shekara goma sha shida. Ke kina kwance da ciwon idon nan da bai bar ki ba. A lokacin ina tsakiyar labarin Rakiya, mafi tsawo a cikin bakwai ɗin, wadda anka kama ƙanenta a hari ta bi fatake yamma tana nemansa. Na kai inda ta ji ƙishin-ƙishin yana wani gari bayan babban kogi. Kin hana a fitar da ko falle ɗaya daga ɗakinki. Ni kuma na ga ba zan iya kwana bakwai a gidan biki ban san ko ta gan shi ba. Sai na zare labarin daga gafaka, na naɗe a zane, na sa ƙasan kayana.

Wajen ƙetare gulbi jirgin ya yi nauyi, ruwa ya shigo. Ba wani abin tsoro ba ne, ko kifewa ba mu yi ba, mata na ta dariya suna ɗage zannuwa. Sai da munka sauka na kwance ƙunshin. Na sama sun tsira. Falle goma sha huɗu na ƙasa sun jiƙe sharkaf, tawadar ta narke. Na shanya su bayan rumbu a gidan Kawu, ina gadi kamar mai shanyar nama. Da sunka bushe babu harafi ɗaya da ake iya ganewa. Su ne ƙarshen labarin.

Da na dawo ban gaya miki ba. Na ɗebi takarda cikin na Baba, na rataye ta a madafa kwana biyu hayaƙi ya ba ta launin tsufa. Na fiƙe alƙalami, na yi ta koyon hannun Malama, yadda take jan wutsiyar harafi ta lanƙwasa ta ƙasa. Tun da ban kai ƙarshen ba, kuma an yi shekaru ba a karanta wa mata shi ba, ban san mi ta rubuta ba. Sai na ƙaga nawa. Na sa Rakiya ta iske ƙanenta a kasuwa yana sayar da goro, ta gane shi da tabon ƙuna a hannu, sunka rungume juna, sunka dawo gida tare, gari duka ya fito tarbarsu. Abin da nake so ya faru ke nan, shi na rubuta. Na mayar da takardun cikin gafaka.

Idonki bai warke ba, karatun Alhamis ya dawo hannuna. Ranar da munka kai ƙarshen Rakiya na karanta nawa kamar na Malama ne. Mata na share hawaye, Goggo Ige har da guɗa. Ni kuwa, ke kaɗai nake kallo. Kina zaune kina jan tasbaha, fuskarki ba ta canza ba. Kika ce, "Madalla. Allah shi jiƙan Malama." Shi ke nan. Na ce wa kaina ciwo ya sa kin manta. Na san ba mai mantuwa ba ce ke, amma haka na zaɓi in yarda.

Tun daga nan duk shekara sai na karanta shi, wata shekarar sau biyu. Na yi aure, na haihu, mijina ya rasu, na dawo gidan nan, ina karanta shi. Mata na zuwa daga Gandi don su ji yadda Rakiya ta dawo da ƙanenta, suna sa wa Malama albarka a kan abin da ba ta rubuta ba. Horon da na sha kuwa shi ne ban taɓa sanin abin da ya sami Rakiya ba. Ke kaɗai na sani za ki iya gaya mini, kuma ba ni da bakin tambaya. Sau nawa ina yi miki tsifa maganar ta zo mini har maƙogwaro? Ko a ciwonki na ƙarshe na yi niyya. Sai in ce bari ki ɗan ji sauƙi.

A tsakaninmu mata abin bai wuce rumfar gidan nan ba. Amma a buga shi, a kai gari-gari, a rubuta sunanta a kan maganata? Yaya zan sa wa matacciya abin da ba ta faɗa ba, kuma ba ta da halin musu? Sai na kira Umaru na gaya masa duka. Ya ce, "Yaya, don mi kika yi haka? Ni fa a wanga ƙarshen na fara kuka a kan labari." Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Shi ya tuna cewa Goggo Hajo ta Rimawa, wadda kunka yi karatu tare kuna yara, ta taɓa kwafe labaran da hannunta.

Munka shiga motar kasuwa zuwa Goronyo, daga can munka ƙarasa a kan jakai. Mun iske ta a ƙofar ɗakinta tana ɓarar wake. Ta tsufa ƙwarai, amma hankalinta garau. Ta yi mini ta'aziyyarki, munka yi addu'a. Ban kai ga faɗin abin da ya kawo ni ba ta ce, "Ƙarshen Rakiya kika zo nema? Kin daɗe, Hadiza."

Inna, ashe kin sani. Ta ce tun kafin ranar karatun kika gane. Kin sa hannu cikin gafaka kika ji takardar ba irin ta Malama ba ce, kika kai hanci kika ji hayaƙin madafarki. Tafiyar nan da kika yi Rimawa bayan kaka, kika ce mana maganin ido za ki nema, ashe wurinta kika je. Kika ce mata kada ta aiko da nata, kada ta yi mini maganar, amma duk ranar da na zo da ƙafata ta ba ni. Ta ce kuma kin bi tsofaffin Wurno da sunka san labarin ɗaya bayan ɗaya kin ce su kama bakinsu. Har Goggo Ige mai guɗa. Shekara talatin ina ɓoye abin da rabin rumfar ta sani.

Na tambaye ta ko kin faɗi dalili. Ta ce ta tambaye ki, kika ce mata kawai yarinya ta yi ɓarna kuma ta yi ƙoƙari, ki bar ta. Ba ki ƙara ba.

Kwana huɗu na yi a Rimawa ina kwafe falle goma sha huɗun. Yanzu na san ƙarshen. Rakiya ta iske shi, amma ba a kasuwa ba, a gonarsa. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, Hausa ta kusa ɓace masa. Ya gane ta, ya yi kuka, ya yanka mata rago, amma ya ce ba zai bar 'ya'yansa ba, su kuma can ne garinsu. Ta zauna wata biyu, ta koya wa babbar ɗiyarsa kaɗin zare da Fatiha, ya rako ta bakin kogi, ta dawo ita kaɗai. Labarin ya ƙare tana gyaran rufin ɗakinta kafin damina. Babu kiɗa, babu taron gari. Da na gama karantawa na ajiye alƙalami na daɗe ban ɗauka ba. Nata ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ni ɗiya ce mai shekara goma sha shida da ke son kowa ya dawo gida. Ita ta ga waɗanda ba su dawo ba.

Ga abin da na yi. Takardun Malama ba su bar ɗakinki ba, wannan umurnin naki dai na kiyaye shi yanzu. Na zauna na kwafe bakwai ɗin da hannuna, ba tare da kwaikwayon hannun kowa ba, da ƙarshen gaskiya, Umaru ya kai wa Baturen. Na sa ya gaya masa abin da ya faru. Baturen ya ce a ba shi nawa ma ya gani, na hana. Na zare shi daga gafaka, na rubuta sunana a kai da abin da na aikata, na ajiye shi daban cikin akwatina.

Alhamis ɗin da ta wuce na gaya wa mata. Goggo Ige ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ita ma ta huta, bakinta ya gaji. Na karanta musu na Malama. Matasan ba su ji daɗi ba, wata ta ce ita dai na da ta fi so, don mi za a yi tafiyar shekara bakwai a dawo hannu wofi. Amma kin san Ladi matar Maidamma, wadda ɗanta ya tafi yaƙin Turawa, ya dawo ya zauna Ikko da mata bai ƙara tako garin nan ba. Ba ta taɓa buɗe baki a wurin karatu ba. Ranar sai da kowa ya watse ta matso, ta ce in ƙara karanta mata wurin rabuwarsu a bakin kogi. Na karanta mata sau biyu. Ta yi godiya ta tafi.

Abu ɗaya ya rage wanda Goggo Hajo ba ta sani ba, kuma babu mai gaya mini yanzu. Tausayina kika ji kika yi shiru, ko jira kike in zo da kaina? In jira kike, yaya kika iya zama duk shekara kina sauraron ƙaryata kina cewa madalla? Ban roƙi gafararki ba kina da kunnen ji. Ina roƙo yanzu. Na zo, Inna, sai dai na makara da wata huɗu.

Allah shi jiƙanki, shi jiƙan Malama, shi haɗa mu a inda babu ɓoye-ɓoye. Sai mun zo.

Ɗiyarki Hadiza, daga ɗakinki a Wurno.